Kaisar: sunan mutum ne ko sarauta?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandare. Na gaya wa ɗalibaina cewa Kaisar sarauta ce, sai ga wani yaro da bidiyon wani mai wa'azi yana cewa Julius Kaisar ne Annabi (SAW) ya aika wa wasiƙa. Yanzu yaran sun fara shakkar karatuna. Wa ke da gaskiya, kuma daga ina kalmar ta fito?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, ke ce a kan daidai.

Da farko dai laƙabi ne na wani reshe na zuriyar Julius a birnin Rum, kuma ya girmi mutumin da ya yi suna da shi, don akwai mai wannan laƙabi da ya riƙe muƙami tun shekara ta 208 kafin haihuwar Annabi Isa. Game da ma'anarsa, marubutan Rum ma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ce daga "yanka" ne, wasu "yalwar gashi", wasu kuma suka ce kakan gidan ne ya kashe giwa.

Da aka kashe Julius a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, sai wasiyyarsa ta mayar da jikan 'yar'uwarsa, Oktabiyan, ɗansa, ya gaji sunan. Shi ne majalisa ta ba laƙabin Augustus, wato mai alfarma, a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa sun tsani kalmar "rex", wato sarki, tun da suka kori sarkinsu na ƙarshe, don haka sunan gida ya fi sauƙin haɗiya. Bayan mutuwar Nero, mai mulki na ƙarshe daga zuriyar, a 68 miladiyya gidan ya ƙare, amma Galba da ya gaje shi, wanda ba danginsu ba, ya ɗauki sunan. Daga nan ya zama sarauta zalla.

To, mu zo kan bidiyon, don wannan shirmen kullum sai na ci karo da shi a WhatsApp. Wanda sahabi Dihyatul Kalbi ya kai wa wasiƙar Annabi (SAW) Hiraƙla ne, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, fadarsa kuma tana Kustantiniyya, Istanbul ta yau. Tsakanin kisan Julius da wasiƙar akwai kimanin shekara 670. Julius bautar gumaka yake yi, ya mutu ba a ma haifi Annabi Isa ba. Hiraƙla Kirista ne, harshen fadarsa Girkanci. Hadisin Abu Sufyan da ke farkon Bukhari ma ya ambaci Hiraƙla da sunansa, to me ya hana mai bidiyon buɗe littafin? Larabawa na kiran duk mai mulkin Rum Ƙaisar, kamar yadda suke kiran na Farisa Kisra, na Habasha Najjashi. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutum ya hau mumbari da irin wannan, gobe yaro ya gano kuren, sai ya haɗa har da ingantaccen tarihin ya yi watsi da shi. Kuma malamar aji ake bari da gyaran ɓarnar.

Ki ja wa ɗaliban layi a allo, ki sa 44 kafin haihuwar Annabi Isa a wannan gefe, 610 miladiyya da Hiraƙla ya hau mulki a wancan, su yi lissafin da kansu. In sun nemi ƙari, ki gaya musu Sarkin Musulmi Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya ya kira kansa Kaisar na Rum bayan ya ci Kustantiniyya a 1453, Ivan na Huɗu ya zama Tsar na Rasha a 1547 (kalmar Tsar ma daga Kaisar ta fito), Jamus kuma ta yi Kaisar har 1918.