Tambayi Likita: An sa wa Baba fanfon zuciya, yanzu kuma bawul na yoyo

Tambaya: Salam Dokta. Mahaifinmu ne aka sa wa injin nan mai taimakon zuciya, LVAD, samfurin HeartMate 3, a Indiya shekara biyu da suka wuce. Ya samu sauƙi sosai har masallaci yake zuwa da jakar batir ɗinsa, to yanzu kumburin ƙafa ya dawo, in ya kwanta kuma numfashi sama-sama. An yi masa eko, wato hoton zuciya, aka ce wai bawul ɗin aorta ne ke yoyo, wato murfin da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, abin da ya ɗaure mana kai lambobin injin lafiya lau suke nunawa. Sai an sake tsaga shi ke nan? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan yoyon sananne ne ga masu LVAD, kuma sau da yawa injin ne da kansa ke jawo shi. Yana zuƙo jini daga ɗakin hagu na zuciya ya tura cikin aorta ba tsayawa, sai bawul ɗin ya zauna a rufe kusan kullum ga matsin jini a kansa dare da rana, a hankali leɓɓansa su lalace su daina haɗuwa daidai, jini ya riƙa komawa baya.

Shi ya sa lambobin ke ruɗin ku. Kamar injin da ke jan ruwa daga rijiya ne alhali bututun ya fashe ruwan na komawa ciki, injin na ta ƙugi amma tanki bai cika ba. Ko eko ma yakan nuna yoyon bai kai yadda yake ba, don haka a samu wanda ya saba duba masu LVAD.

Ba a fara da tiyata. Za a duba hawan jini tukuna, a ba shi maganin sa fitsari ya rage ruwan jiki, sannan a daidaita gudun injin ana kallo da eko. Nan akwai sarƙaƙiya: in aka ƙara gudu yakan ji sauƙin numfashi amma yoyon na iya ƙaruwa, in aka rage bawul ya samu damar buɗewa amma jinin da ke isa jiki na iya yin kaɗan. Aikin ƙwararru ne, don Allah kar wani ya taɓa.

In hakan bai wadatar ba, akwai sa sabon bawul ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba, wato TAVR. Matsalarsa an ƙera shi ne don bawul ɗin da ya ƙanƙance ya yi tauri, a mai yoyo ba ya samun wurin kamawa sosai, yana iya zamewa. Akwai wani samfurin bawul na TAVR mai suna JenaValve Trilogy da ke maƙale leɓɓan bawul ɗin, ya samu izini a Turai a 2021, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. Ana kuma iya tsagawa a ɗinke tsakiyar bawul ɗin ko a canza shi da na naman dabba, na ƙarfe kam ana gudunsa saboda daskarewar jini. Rufe shi gaba ɗaya ma ana yi, ni dai ba na gaggawar wannan, don in injin ya tsaya jini ba shi da wata mafita. Wanda ya cancanta kuma akan yi maganar dashen zuciya.

Ku tura hoton ekon ga likitocin da suka sa masa injin a wannan satin, kuma kar ya daina warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai da izininsu. In ya suma ko ƙararrawar injin ta yi ƙara, asibiti nan take.