Babbar mota mai injin OM352 tana wuyar tashi da safe

Malam, ka ce motarka mai injin Mercedes OM352 ba ta tashi da safe sai an sha wuya, tana fitar da farin hayaƙi, kuma kana neman yadda za ka samu kayan gyaranta.

Kafin ka taɓa famfon injekta, wato famfon da ke tura dizal zuwa silinda, fara neman iska a layin mai, domin a injin da ya tsufa irin wannan, wanda aka fara ƙerawa a 1964, tiyo da washa sukan tsage har man dizal ya koma tanki cikin dare. Ka sassauta noti na fitar da iska a kan filta, ka danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. Idan injin ya tashi nan take, matsalar a nan take. Farin hayaƙi mai warin dizal mai ne da bai ƙone ba, kuma idan iska ba ta shiga layin mai, sai a gwada nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, a kan na'urar auna matsi, sannan a auna ƙarfin matsewar silinda shida ɗin. Idan hayaƙin ba ya wari kuma ruwan lagireto yana raguwa, ka zargi gasket na kan silinda.

Game da kaya, kada ka saya da sunan motar kawai. Ka kwafi lambar injin da lamba mai alƙaluma goma da ke jikin farantin famfon injekta na Bosch, saboda injin ɗaya yakan zo da famfo iri-iri. Bulok ko kan silinda na hannu ba laifi idan an duba tsagewa, amma nozul da ringin fistan ina ganin sababbi sun fi, kuma ka canja nozul shidan tare.