Ƙanenka ba littafin lissafi ba ne

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ta Damagaram ya rubuto yana cewa: "Ina da miliyan 15 na sefa, ina so in gina gidaje biyu a bakin gari in sayar kafin shekara. Ƙanena zai riƙe kuɗin ya kula da aikin. Kasuwar gini za ta ci?"

Alhaji, kasuwar na nan. Bayan ruwan 2024, wanda ya rushe har tsohon masallacin unguwar Birni, mutane da yawa sun koma ga bulon siminti, kuma gwamnati ta rage farashin siminti a shekarar. Abin da ke tafiya a Damagaram ƙaramin gida ne, ɗaki biyu da falo, na ma'aikaci ko malamin makaranta. Babban gida yana daɗewa ba mai saye. Maganar gida biyu cikin shekara da wannan kuɗi kuwa, cire ta daga ranka.

Matsalarka tana wurin ƙanen nan. Ban ce ɓarawo ne ba. Amma wanda aka damƙa wa miliyoyi ba takarda, ba ya iya hana magini ha'inci, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka tuhume shi ba.

Ga inda kuɗin ke zurarewa. Buhun siminti mai kilo 50 bulo 30 zuwa 35 ya kamata ya fitar, masu faɗin santimita 15. Mai bugawa zai ja shi zuwa 50, rarar buhunan ta bi dare. Ka ɗaga bulo ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi. In ya watse, an cuce ka. Sannan ruwa. Bulo na son ban ruwa na kwana 7, kuma ka san yadda ruwa ke tsada a garin nan da bazara. A rubuce za ka ga an saye, a ƙasa ba a zuba ba, sai bango ya tsage a damina ta farko.

Don haka gida ɗaya tukuna, bayan ka tabbatar da takardar filin a ma'aikatar magajin gari. Ka raba biyan kuɗi kashi huɗu: tushe, tsayuwar bango, rufi, sai shafe da ƙofofi. Kada kashi ya fita sai ka je ka ƙirga da idonka. Siminti da ƙarfe kai za ka saya, tan biyu-biyu, domin simintin da ya wuce wata 3 a ajiye ƙarfinsa raguwa yake. Ƙanenka kuma ka yanka masa albashi, ka ba shi littafi, kowace Juma'a ya kawo shi da rasit.