Amsa ga mai tambaya game da cin abinci a gidajen abincin Manila

Malam, ka ce aiki zai kai ka Filifin, kuma kana son sanin ko Musulmi zai iya cin abincin ƙasar a waje hankalinsa kwance. Zai iya, amma daga abin da na gani a zamana a Manila, sai ya daina dogara da sunan abinci, domin sunan yakan nuna yadda aka dafa ne, ba naman da ke ciki ba.

Adobo, alal misali, dahuwa ce da ruwan khal da miyar waken soya da tafarnuwa da masoro, kuma ana yin ta da kaza ko da alade, wani lokaci ma a haɗa su a tukunya ɗaya. Haka sinigang, romon da ake tsamama shi da tsamiya: akwai na kifi da na jatan lande, amma na alade ya fi yawa. Lechon da sisig da dinuguan, wanda ake dafawa da jini, ba sa buƙatar dogon nazari, domin galibi na alade ne. Inda baƙo ya fi faɗawa shi ne abincin da ake ganin kamar na ganye ne zalla, domin taliyar pancit da lumpia (ɗan naɗin fulawa mai haɗi a ciki) da pinakbet (dafaffen haɗin kayan lambu) sukan zo da 'yan gutsattsarin alade ko kitsensa, kuma mai sayarwa ba ya ganin wannan a matsayin abin da za a ambata. Idan ka ga "baboy" a takardar abinci, alade ke nan.

Shawarata ita ce ka nufi unguwar Quiapo, kusa da Golden Mosque da aka gina a 1976, inda Musulmin Mindanao, tsibirin kudancin ƙasar, suke da ƙananan gidajen abinci, ko kuma unguwar Maharlika Village a birnin Taguig. A can za ka sami pastil, shinkafa da yagaggen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da piaparan na ƙabilar Maranao, kaza da kankararriyar kwakwa da kurkur. A ganina wannan ɓangaren ne ma ya fi dacewa da bakin Bahaushe, saboda palapa ɗinsu, wato haɗin kayan yajin da suke sa wa abinci, tana da yaji sosai, alhali yawancin abincin Manila tsami da zaƙi da gishiri ne suka rinjaye shi.

A sauran wurare na fi tsayawa kan gasasshen kifin bangus da farar shinkafa, bayan na tambayi abin da aka gasa a kan ragar gashin kafin nawa. Za a kawo ɗan ƙaramin lemon calamansi da barkono, ka matse a miyar soya ka riƙa tsomawa. Kare-kare, miyar gyaɗa da wutsiyar sa, tana da daɗi, amma batun yanka yana nan, don haka ka bari sai a wurin da ya nuna shaidar halal.