Amsa ga mai gidan hayar da ke bakin daji

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce gidan hayarka yana ƙarshen gari jikin gonaki, hunturu ya ƙarato, kana son sanin, kan maganar gobara, me ke wuyanka me ke wuyan 'yan haya. Na daɗe ina kula da gidajen haya, bari in faɗi abin da na gani.

Wutar daji ba sai harshenta ya taɓa katanga take cin gida ba, tartsatsi ne iska ke kwasowa ta jefa kan karan dawa da aka jingina a bango ko harawar da ke kan rumfa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris komai ya bushe ƙayau, ga masu farauta suna cinna wa ciyawa wuta don koro gafiya da zomo. To tun yanzu ka sa a nome ciyawar da ta kewaye gidan har sai an ga ƙasa, da faɗi sosai, kuma a kwashe ta nesa. Wannan kuɗinka ne.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai ƙarafen taga ne. Mun toshe ko'ina saboda ɓarayi, get ɗaya, da dare a garƙame da kwaɗo, makullin yana hannun mutum ɗaya wanda ƙila ma ya yi tafiya. Na ga maƙwabta da guduma da diga suna fasa bango, wata mata da 'ya'yanta suna ciki hayaƙi ya turnuƙe ko muryarsu ba a ji sosai, Allah ya sa aka fito da su da rai. Don Allah ka kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki mai buɗewa ta ciki, makullin a rataye a ƙusa nan kusa, kuma kowane ɗan haya a yanka masa makullin get. Wayarin ma a kira mai gyara ya duba, tsohuwar waya ba ta ɗaukar hita da dutsen guga lokaci guda.

Su kuma 'yan haya ka tara su ka faɗa musu baki da baki, in an ɗauke wuta a kashe soket kafin a kwanta, ba kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don yana kisa ko gobara ba ta tashi ba, jarkar fetur da tukunyar gas su yi nesa da murhu. A ajiye bokitin yashi, kada a watsa ruwa kan wutar fetur ko ta lantarki. Lambar 'yan kwana-kwana na garinku da 112, lambar kiran gaggawa, a rubuta a zaure.

Takardun makaranta, katin ɗan ƙasa da magani su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri, da yawa da kayan jikinsu kaɗai suka fita.