Amsa: Borin jini wata huɗu, gwajin fata zai nuna dalili?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce wata huɗu kenan borin jini na taso miki kusan kullum, kin bar ƙwai kin bar kifi amma shiru, kina tambaya ko gwajin fata zai gano abin.

Gaskiya in ya wuce sati 6 yawanci ba abinci ba ne, shi ya sa gwajin alaji da ake ɗan tsaga fata a ɗiga abu ba ya cika nuna komai. Akwai wani daban, a ɗebi jininki a tace ruwansa a yi miki allurarsa a fatar hannu, gefe kuma a sa ruwan gishiri, bayan minti 30 a auna, in naki ya fi kumbura da milimita 1.5 to alama ce garkuwar jikinki ce ke tsokanar fatar. Sai an dakatar da maganin ƙaiƙayi na 'yan kwanaki kafin a yi.

Ni dai abin da na fi so ki yi, ki zagaye kurji ɗaya da biro ki duba gobe. Na borin jini kan ɓace kafin awa 24 ba tabo, in ya wuce haka yana zafi ko ya bar baƙi ki gaya wa likitan fata. Ki ɗau hoto, don a fatarmu jan ba ya fitowa sosai.

Don Allah ki guji ibuprofen da diclofenac, suna iya tayar da shi, kuma kar ki dinga sayen dexa (maganin dexamethasone) a kemis. Cetirizine ko loratadine ake farawa da su. In leɓe ko harshe ya kumbura numfashi na wuya, asibiti nan take.