Me ke sa kai ya fito a sama, ƙafa a ƙasa?

Tambaya: Likita, ni ɗalibar ungozoma ce a Zariya. An koya mana cewa duk ƙwayoyin halittar jiki ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su. To me ke sa wasu su zama kai, wasu haƙarƙari? Ƙanena kuma cindo gare shi. Akwai alaƙa?

Amsa: Malama, akwai. Ƙwayoyin gadon ɗaya ne, amma ba duka ke aiki a ko'ina ba. Kowace ƙwayar halitta sai ta gane inda take a jikin ɗan tayi, sannan ta kunna waɗanda suka dace da wurin.

Ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba shi ya fara tona asirin. A 1980, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, suna aiki a Haidalbag ta Jamus, suka bayyana ƙwayoyin gadon da ke yanka jikin tsutsar ƙuda gaɓa-gaɓa. Su biyu da Edward Lewis na Amurka suka sami kyautar Nobel a 1995.

Uwar ƙuda tana ajiye saƙon wani furotin, bicoid, a ɓangaren gaba na cikin ƙwai. Furotin ɗin yakan yi yawa a nan, yana raguwa zuwa baya, kamar hayaƙin turaren wuta: kusa da kasko ya turnuƙe, can bakin ƙofa sai ɗan ƙamshi. Inda ya yi yawa, nan kai zai fito. Idan uwa ba ta ajiye shi ba, tsutsar ba ta yin kai sam, sai wani gindin ya fito a gaba. Mu ba mu da bicoid, namu tsarin sai mako na uku bayan shigar ciki yake kankama, amma dabarar auna yawan sinadari tana nan.

Bayan an raba jiki gaɓa-gaɓa, ƙwayoyin gado na Hox ke faɗa wa kowace abin da za ta zama. Ƙuda yana da 8, mutum 39 a rukuni huɗu. Abin da har yau yake ba ni mamaki, yadda suke jere a kan kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, haka aikinsu ke jere a jiki, daga wuya zuwa ƙasan gadon baya. Su ke sa ƙasusuwan wuya bakwai su tashi ba haƙarƙari, goma sha biyun da ke bi musu kuma su yi. A ƙuda, idan ɗaya ya kunnu inda bai kamata ba, ƙafa takan tsiro masa a ka.

Hannu ma haka. Wani sinadarin yana fitowa daga gefen ƙaramin yatsa yana raguwa zuwa babban yatsa, shi ke tsara adadin yatsu da jerinsu. Ɗan sauyi a wannan lissafi kan kawo yatsa na shida. Cindo ta gefen ƙaramin yatsa ta fi yawa a baƙar fata, tana bin dangi, kuma in ita kaɗai ce yawanci ba matsala. Idan jariri ya zo da ita tare da wata nakasar, a nan ne za ki tura shi ga likitan yara.

Yawancin wannan aiki tsakanin mako na uku da na takwas ake yin sa, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Maganin ƙurajen fuska isotretinoin yana rikita saƙon da Hox ke bi, shi ya sa ake hana mai ciki ko mai neman ciki shan sa.